Haƙoran Mai Laima

Auta na zaune a tsakar gida tana ninke wanki lokacin da 'yarta ta dawo daga makaranta, ta yar da jaka a bakin ƙofa, ta shige ɗaki ko sallama babu. Can sai ga sautin kuka ƙasa-ƙasa daga bayan labule. Auta ta ƙarasa ninke rigar da ke hannunta tukuna, don ta san kukan, ta kuma san mafarinsa.

Takwara ake ce wa yarinyar, saboda sunan kakarta ta wajen uwa ta ci. Shekararta tara. Sa'anninta duk sun yi famfara, sababbin haƙora sun fito musu, ita kuwa huɗunta na gaba sun faɗi ba su dawo ba. Hoton da aka ɗauka a asibiti ya nuna ba jinkiri suke yi ba, babu su ne ma a cikin dasashin.

"Wa ya taɓa min ke yau kuma?"

"Wai ni tsohuwa ce," in ji Takwara, fuskarta cikin filo. "Kuma ni ba zan sa na roba ba, Mama. In na sa ma cewa za su yi na aro na kakata."

Auta ta buɗe akwatinta, ta zura hannu can ƙasan zannuwa, ta ciro wani farin hankici a ƙulle. Ta zauna bakin gado ta kwance shi bisa cinyarta. Haƙoran roba ne na sama, sun tsufa sun yi ruwan ƙasa, sun rabe gida biyu.

"Na Abba ne?"

"Na Abbanki ne. Kakanki ne ya yi su da hannunsa. Tashi zaune ki share majinar nan, in ba ki labarinsu."

Ba duka ta faɗa wa yarinyar ba, akwai abin da sai ta girma. Amma ita duk abin ya dawo mata, har da ƙamshin shagon.

*

Baban Auta ba likita ba ne, mai haɗa haƙoran roba ne. Shagonsa ɗan tsurut ne, ƙofa ɗaya ce ta raba shi da ɗakin likitan haƙori. Kullum ƙamshin narkakken kaki yake yi da garin filasta. Akwai rediyon da aka ɗaure da roba, akwai injin goge haƙori mai kuka kamar zuma ta shiga kwalba, sai kanta mai hawa uku cike da awon bakunan mutane, farare, an zuba su da filasta. Cikin 'ya'yansa biyar babu mai son wurin sai Auta. Ana tashi daga makaranta can take zarcewa, ta koma gida hannu fari fat, Umma na faɗa.

Tana 'yar shekara uku aka fara kawo yaron da zai zama Abban Takwara. Mahaifiyarsa tela ce, ta shigo riƙe da laima a kansa, ga jiƙaƙƙen tawul a wuyansa. Haƙora uku ne kacal a bakinsa, masu tsini kamar na kyanwa. Gashin kansa tsilli-tsilli, girarsa kamar an share. Kuma jikinsa ba ya gumi ko kaɗan, shi ya sa zafin da wani zai yi fifita ya wuce, shi sai ya kwantar da shi. Larura ce ta gado, irin wadda sai ka zaga gari guda ba ka samu mutum biyu masu ita ba.

Haƙoran yaro kuwa ba kamar na babba ba ne. Muƙamuƙi na girma, roba ba ta girma. Bayan kowace shekara biyu ko uku sai an ɗauki sabon awo an yi wasu. Haka suka taso suna haɗuwa a kan bencin shagon, ita tana wasa da guntun kaki, shi yana jira a kira shi.

Ranar da ba ta mantawa, yana shekara bakwai ne. Ya zo ya zauna ya haɗe rai, haƙoran na cikin aljihunsa. Mahaifiyarsa ta ce kwana huɗu ke nan ya ƙi sa su, ya ƙi cin abinci sai shayi.

"Suna maka ciwo ne, abokina?" in ji Baba.

Ya girgiza kai.

"To mene ne?"

"Kowa a ajinmu ya yi giɓi, ni ban yi ba. Sun ce nawa na ƙarya ne, shi ya sa ba sa faɗuwa."

Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya karɓi haƙoran da ya yi mako biyu yana aikinsu, ya kunna inji, ya yanke ɗaya na gaba, ya goge gurbin sumul. Mahaifiyar yaron ta dafe ƙirji.

"Malam, aikinka kake ɓatawa."

"Aikina ai bakin yaro ɗan shekara bakwai ne. Ni ne na yi sakaci ban duba kalanda ba." Ya naɗe haƙorin a takarda ya miƙa masa. "Gobe ka nuna musu giɓinka, ba sai ka ce komai ba. Bayan wata biyu ka dawo mu cire ɗayan."

Yaron ya duba madubi, ya yi dariya har da tsalle, ya fita a guje ya manta laimarsa. Auta ce ta bi shi da ita tana kira, "Mai laima, mai laima, tsaya." Sunan da ya bi shi ke nan har yau.

Dokoki biyu gare shi Baba. Ta farko, ba ya jera haƙora ras kamar tubali. Cewa yake duk bakin da ka gani babu ko ɗan karkace, kowa ya kalla ya san na roba ne. Shi ya sa da lokacin manyan haƙora ya yi, ya bar wa Mai Laima siririyar wushirya, haƙorin hagun kuma ya ɗan jingino gaba kaɗan. Doka ta biyu, abin da aka gani a shago a shago yake kwana. Ko suna ba ya rubutawa a jikin awo. Shekara talatin yana wannan aiki, Umma ba ta taɓa jin sunan mutum ɗaya mai haƙoran roba daga bakinsa ba.

Allah ya yi wa Baba rasuwa Auta na shekarar ƙarshe a makarantar koyon wannan sana'a. Da ta gama, ita ta buɗe shagon. Ba ta canza komai ba, ko robar rediyon.

*

Mai Laima ya zama saurayi dogo mai sanyin magana, kullum da hula, kullum da laima da 'yar kwalbar feshin ruwa a aljihu. Aiki yake a ma'ajiyar magunguna, inda sanyi ba ya yankewa dare da rana. Yakan ce Allah ya san abin da ya halitta, shi ya sa ya ajiye shi cikin firij.

Haƙoran bakinsa su ne na ƙarshe da Baba ya yi masa. Sun shekara takwas, sun saki, har suna goge masa dasashi. Duk wata sai ya zo Auta ta ɗan gyara.

"Malam, waɗannan sun gama aiki. Ka bari in yi maka sababbi."

"Likita, ki dai ƙara musu ciko."

"Ni ba likita ba ce. Kuma cikon ya fi haƙoran yawa yanzu."

"Hannun Baba ne a jikinsu. In na cire su, me ya rage min nasa?"

Ta ci gaba da goge abin da ba ya buƙatar gugewa.

"Ban da haka," ya ce yana kallon silin, "in kika yi min masu kyau, da wace hujja zan riƙa zuwa duk wata?"

"Au, dama lafiyarsu ƙalau kake wahalar da ni?"

"Sau biyu dai, sori. Sauran duk da gaske ne."

Ita kaɗai ce macen da ta taɓa ganinsa babu haƙora ban da mahaifiyarsa, kuma bai taɓa ganin fuskarta ta canza ba. Shi kaɗai ne kuma namijin da ke shiga shagon ya gaida kujerar Baba da ido kafin ya zauna. Daga nan zancen ya tashi daga shago ya koma ƙofar gida.

Umma ta so shi tun ganin farko. Tun bayan rasuwar Baba haƙoranta biyu na gaba suka fita, ta ƙi yarda kowa ya sa mata hannu a baki, ko Auta. In za ta yi dariya sai ta kare da gefen mayafi, dariyar ma ta yi wuya. Amma duk ranar da Mai Laima ya zo gaisuwa, sai an ji ta.

"Yaron nan in ya yi murmushi sai in ji kamar na san shi a wani wuri," in ji ta. "Ga haƙora tubarkalla, ga wushirya. Allah ya sa 'ya'yanku su ɗauko."

Auta ta sunkuyar da kai tana tsintar shinkafa.

Da ta ba shi labari tana dariya, shi bai yi ba.

"Auta, ya kamata Umma ta sani. Ni zan faɗa mata da bakina."

"Ka bari tukuna."

"Wata biyar ke nan kina cewa tukuna. Wannan abu na gado ne, jikokinta ya shafa."

"Abin shago ne, kuma ka san dokar Baba. Filis, ka bari a gama magana, sai mu faɗa mata a hankali."

Ta san ba dokar Baba ce ke riƙe da harshenta ba. Tsoro ne. Amma dokar ta fi daɗin faɗa, sai ta laɓe a bayanta.

*

Wata Asabar a tsakiyar zafi Gwaggo, yayar Baba, ta ce a kawo mata yaron ta gan shi da idonta. Tun safe aka ɗauke wuta. Mai Laima ya iso da azahar cikin manyan kaya masu nauyi, don girmamawa. Auta ta tare shi a waje.

"Ka bar laimar da kwalbar a mota. Gwaggo ido gare ta, sai ta tambayi dalilin komai."

Ya dube ta, ya dubi sama. "Minti nawa?"

"Ba zai wuce ashirin ba."

Gwaggo ba ta san minti ashirin ba. Ta sa aka rufe tagar falo don kada maƙwabta su ji, ta sa aka kawo masa shayi mai zafi, ta fara daga kakansa na wajen uba. Rufin kwano na ta ƙara, fanka a tsaye. Auta na leƙe ta bayan labule. Ta ga kunnuwansa sun yi ja. Ta ga ya fara numfashi ta baki. Kunya ba za ta bar shi ya ce wa babbar mace a buɗe taga ba.

"Kin ga natsuwa," in ji Gwaggo tana share wuya da mayafi. "Mu mun jiƙe sharkaf, shi ko ɗigon gumi babu a goshinsa. To ita kakar taka ta wajen uwa, 'yar wace ce?"

Ya buɗe baki zai amsa, kofin ya suɓuce, ya sulale daga kujera zuwa ƙasa.

Auta ba ta san lokacin da ta ɗauko bokiti ba. Ta kwara masa ruwa, ta fizge hular, ta ɓalle maɓallan wuya, ta juya shi gefe. Sai ta ji numfashinsa na kakari. Ta san wannan ƙarar. Haƙoran sama da suka saki sun zame sun nufi maƙogwaro.

Umma na tsaye a kanta, Gwaggo na salati. Daƙiƙa ɗaya Auta ta yi tana kallonsu. Sannan ta zura yatsu cikin bakinsa ta zaro na sama, ta zaro na ƙasa. Na saman ya suɓuce daga jiƙaƙƙen hannunta, ya bugi tayil, ya rabe biyu.

Numfashinsa ya daidaita. Amma fuskarsa ta lotsa, leɓɓansa sun shige ciki, ga kai babu gashi sai tsilli-tsilli. Saurayin da ya shigo ɗazu ya koma kamar dattijo.

"Innalillahi," in ji Gwaggo. "Auta, me kika ciro daga bakin ɗan mutane?"

Umma ta buɗe taga, ta ɗauki faranti ta yi ta masa fifita har ya buɗe ido. Abin da ya fara yi shi ne kare bakinsa da hannu. Ya tattara gutsattsarin haƙoran ya sa a aljihu, ya durƙusa ya yi godiya da muryar da ba ta fita sosai, maƙwabci ya tuƙa shi gida.

Gwaggo ta yi ta yi har la'asar: an kawo musu gyararren mutum kamar tsohuwar mota, ba za a shigo musu da wannan cikin zuri'a ba. Umma ta bari sai da ta tafi, sannan ta kira Auta ɗaki.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ina yarinya, Umma. A shagon Baba ya girma."

"Wata bakwai yana shiga gidan nan, ina yabon haƙoransa a gabanki, kina kallona kamar wata shashasha."

"Amanar shago ce, Baba ya ce..."

"Kada ki sako babanki. Babanki ya rufa asirin masu zuwa gyaran baki ne, bai ce ki rufe wa uwarki ido a kan wanda zai haifa mata jikoki ba. Ni da na ga yadda ya faɗi a gabana, ki ce in zauna in ga jikana ana bin sa da tsumma da ruwa? Ba da yawuna ba, Auta. Kuma kada in ji ya taka shagon nan."

Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura. Da ta kira shi a waya, ta ce ya zo ta bayan shago da sassafe ta ɗauki awo, babu wanda zai sani.

"A'a," ya ce, kalmominsa na fita da ƙyar. "Ɓoyon farko ne ya kai mu nan, ba za mu ƙara na biyu ba. Umma tana da gaskiya. Ki ba ta haƙuri, ki kuma ba ta lokaci. Ni ina nan cikin firij ɗina, ba na lalacewa."

Ta yi dariya cikin kuka. Daga ranar ba su sake magana ba.

Wata huɗu aka yi haka. Auta ta durƙusa ta nemi gafarar Umma, ba ta haɗa da roƙon komai ba. Ta je shago, ta dawo, ta yi girki, ta yi wa Umma tausar ƙafa kamar kullum. Ta rame har zobenta na juyawa. Abin da ba ta iya faɗa wa kowa, sai ta kai shi sujada. Umma na ganin komai, ita ma abincinta ya ragu, amma ba ta sauko ba.

*

Wata safiya aka yi sallama, sai ga tela, mahaifiyar Mai Laima. Umma ta shimfiɗa mata darduma, suka gaisa gaisuwar mutanen da ke jin nauyin juna. Auta na kicin, tana jin komai.

"Ba roƙo na zo ba," in ji tela. "Da ni ce ke, ƙila abin da zan yi ke nan. Na san abin da kike tsoro, ni na rayu a cikinsa. Na yi shekaru ina ɗinki da hannu ɗaya, ɗayan na fifita. Amma ban taɓa cewa da ban haife shi ba, wannan kam ban taɓa ba." Ta ciro farin hankici a ƙulle ta ajiye. "Ya je wani wuri an yi masa sababbi. Waɗannan ya ce aikin marigayi ne, bai kamata a zubar ba, su dawo gidansu."

Bayan ta tafi, hankicin ya daɗe a kan dardumar. Sai can Umma ta jawo shi ta kwance. Ta haɗa ɓangarorin biyu a tafin hannunta, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake. Auta ta ga ta daɗe tana kallo. Ta ga ta sa farce cikin wushiryar, ta shafa haƙorin hagun da ya jingino. Sannan ta ga hannun Umma ya tafi bakinta, inda giɓinta yake.

"Auta. Ɗauko mayafinki da makullin shago."

Rabon Umma da shagon tun ranar da aka fitar da Baba daga cikinsa zuwa asibiti. Ta tsaya a ƙofa ta shaƙi ƙamshin kaki, sai da ta dafa bango.

"Ina awon yaron?"

Auta ta nuna hawa na sama. Awo bakwai ne a jere, daga ɗan mitsitsi mai tsini uku har zuwa na babban mutum. A farkon layin kuma akwai na takwas, tsoho, ya yi rawaya, cikakken bakin babbar mace. Auta ta taso tana ganinsa, ta ɗauka samfuri ne na makaranta.

Umma ta ɗauko shi da hannu biyu, ta juya ƙasansa. Da fensir, da rubutun Baba mai kwanciya, an sa: Na gida.

Sai ta fashe da dariya, ba ta ko kare baki ba, hawaye na zuba.

"Ja'irin mutum. Ashe bai yar ba." Ta zauna a kujerar Baba. "Shekararmu ta farko da aure, yana koyo, babu mai yarda ya buɗe masa baki. Ya lallaɓe ni ya cika min baki da wani ƙullu mai sanyi, saura kaɗan in amayar masa a riga. Kwana biyu ban yi masa magana ba. Ya ce wai wushiryata yake so ya adana, don tsufa ɓarawo ne. Na ce ya adana ta a aljihunsa."

Auta ta sauko da sauran ɗaya bayan ɗaya. Ukun farko kwanan wata ne kawai a ƙasansu. Daga na huɗu har na bakwai, ƙarƙashin kwanan watan, an ƙara: A bi na gida.

"Duba min sauran kantar," in ji Umma.

Suka duba har azahar, awo fiye da ɗari. Babu ko ɗaya mai wannan rubutu.

"Duk mutanen nan," in ji Umma a hankali, "bai ba kowa ba sai shi. Shi ya sa nake cewa na san shi. Bakina nake gani, na lokacin da babanki ke raye." Ta share fuska, ta gyara zama. "Amma wannan bai amsa min maganar jikoki ba. Ki kira shi. Wurin likita za mu, ni da ku, in ji da kunnena."

Likitar da ta san irin wannan larura ta zaunar da su ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce a irin tasa, 'ya'yansa maza ba sa ɗauka daga wurinsa. Matan za su ɗauki ƙwayar, wata ba za a ga komai a jikinta ba, wata ta rasa 'yan haƙora, kuma tana iya kai wa ɗan da za ta haifa. Ta ce abin ba ya taɓa hankali, kuma wanda aka gane da wuri, aka kiyaye shi daga zafi, aka kula da bakinsa, yana rayuwarsa kamar kowa. Umma ta yi tambaya ta kai goma, har da waɗanda Auta ta ji kunyarsu.

Da suka fito, Mai Laima ya buɗe laimarsa a kan Umma, shi yana cikin rana. Ta kama hannun laimar ta mayar kansa.

"Kai ne mai buƙata, kada ka sake faɗo min." Ta dube shi. "Kai ka so faɗa min tun farko, ko?"

Ya yi shiru, don amsar za ta kayar da Auta.

"Shirunka ya isa. Ni ma biyar ɗin da na haifa, babu wanda aka ba ni takardar lafiyarsa tun yana ciki. Abin da na tsorata da shi duhu ne, yanzu kuwa na gani. Allah ya yi muku albarka."

Daɗi ya sa ya yi murmushi, ya manta da sababbin haƙoran da ke bakinsa. Umma ta ja baya.

"Wa ya yi maka wannan aika-aika? Farare ƙal kamar an jera sukari a kwali. Auta, gobe-goben nan ki cire masa su, ki mayar masa da bakin da babanki ya yi masa."

"A bi na gida, Umma?"

"Da na maƙwabta za a bi?"

Mako uku Auta ta yi a kan aikin, tsohon awon na gefenta. Da ta gama nasa, Umma da kanta ta zo ta hau kujera ta buɗe baki, ta ce a yi mata nata, amma in aka cika mata ƙullu ba za ta yi magana kwana biyu ba. Gwaggo ta yi fushin wata shida, har ranar da turmin haƙorinta ya fita ta rasa inda za ta je sai shagon.

Shekara goma sha ɗaya Umma ta yi tana dariya babu mayafi a baki. Ita ta fara lura haƙoran Takwara sun yi jinkiri, ita ta ce a je a ɗauki hoto, ba ta ko girgiza ba. Bara ta rasu, da azumin nafila a bakinta.

*

Takwara na riƙe da ɓangarorin biyu, tana haɗa su tana rabawa.

"Mama, ke nan murmushin Abba na Kaka ne?"

"Nata ne."

"Awon yana nan?"

"Yana hawa na sama, inda kakanki ya bar shi."

Yarinyar ta lashi giɓinta. A waje aka ji ƙarar rufe laima, da sallamar Abbanta.

"In za ki yi min, irin nata nake so. Da na hagun da ya karkace."

"Ƙullun akwai sanyi, kuma yana tayar da zuciya."

"Sai in yi kwana biyu ban yi miki magana ba."

Auta ta jawo ta jikinta, ta ɗora haɓa a kanta don kada ta ga idonta.

Iyaye da 'ya'ya, ga abin da wannan gida ya koya. Abin da Allah ya rage wa bawa a jikinsa ba abin kunya ba ne, sau da yawa ma akwai hannun da zai gyara. Ɓoyo shi ne ciwon da ya kusa raba su, kuma wanda aka ɓoye wa ya fi jin zafin ɓoyon a kan abin da aka ɓoye. Wanda kuma ya yi haƙuri da fushin uwa, bai zagaya ta bayan gida ba, in Allah ya so da hannunta za ta buɗe masa ƙofa.

Washegari da safe Auta ta zuba sabon awo, ɗan ƙarami, ta jira ya bushe. Ta juya ƙasansa, ta ɗauki fensir ta rubuta kwanan wata, ta ƙara kalmomi huɗun nan a ƙarƙashi. Sannan ta taka benci ta ajiye shi a hawa na sama, kusa da na Umma.